Sanin Shanu: Abin da Ke Riƙe Mutum a Babban Birni

Akwai wani mutum da na yi kusan shekara uku ina haɗuwa da shi kowace safiya a tashar bas. Dogo ne, furfura ta fara fito masa a gefen kunne, kullum yana riƙe da wata tsohuwar jakar fata da ɗinkin mariƙinta ya saki, ya naɗe wurin da baƙin zare. Yakan tsaya dab da sandar fitila ta biyu, don ya san daidai nan ƙofar baya take faɗowa idan bas ta tsaya. Na san yana fama da gwiwa, domin ƙafar hagu yake fara ɗorawa, sannan ya jawo ta dama. Na san ranar da ya makara, na san ranar da ya yi sabon aski. An yi wani lokaci da ya ɗauki mako biyu yana tari, har abin ya fara damuna. Duk da haka ban san sunansa ba, ban san inda yake sauka ba tunda ni nake riga shi sauka, kuma ko "ina kwana" ba ta taɓa haɗa mu ba.

Wanda ya tashi a ƙaramin gari zai ce wannan ai rashin mutunci ne. Shekara uku kafaɗa da kafaɗa babu gaisuwa? Ni ma da haka na ɗauka. Yanzu kuwa, idan aka ce in nuna inda daɗin zaman babban birni yake ɓuya, 'yar tazarar da ke tsakanina da mai jakar nan zan fara nunawa, kafin dogayen benaye da hasken dare.

Tambayi duk wanda ka ga dama cikin mazauna manyan birane, zai zazzage maka ƙorafi har ka gaji: cunkoso, hayaniya, tsadar haya, hayaƙin motoci, barcin da ba ya isa, maƙwabcin da ba ka san shi ba sai ta ƙarar rediyonsa. Ka ce masa to ya tattara ya koma inda ya fito mana, sai ya fara kame-kame. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A farkon ƙarni na 19, ko mutum ɗaya cikin goma na al'ummar duniya ba ya zaune a birni. Zuwa 1950 an kai kusan kashi 30 cikin ɗari. Wajen 2007, a lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, mazauna birane suka zarce na karkara a karon farko a tarihi, kuma hasashen da ta fitar a 2018 ya ce nan da 2050 za su kai kashi 68. Amsar da ke bakin kowa ita ce neman abinci: aiki yana birni, babban asibiti yana birni, jami'a tana birni. Ba ƙarya ba ne. Kafin a gyara harkar ruwan sha da magudanai a ƙarni na 19, Landan ta shafe tsawon lokaci waɗanda ake binnewa a cikinta sun fi waɗanda ake haifa yawa, amma ba ta fasa girma ba, saboda 'yan karkara suna ta kwararowa suna cike gurbi. Yunwa da buri sun isa su kawo mutum. Abin da ba su bayyana ba shi ne halin da ɗan birni yake shiga idan ya je hutu ƙauye: ranar farko yana ta yabon iska da shiru, rana ta huɗu ya fara duba agogo. Wani zai ce sabo ne, turken wawa. To, da me ya saba?

A farkon shekarun 1970, wani masanin halayyar ɗan Adam a New York, Stanley Milgram, ya tura ɗalibansa wata tashar jirgin ƙasa da sassafe. Suka ɗauki hoton masu jiran jirgi, suka sa wa kowace fuska lamba, bayan mako guda suka dawo suka raba hoton ga fasinjojin wannan lokacin. Tambayar ba wuya: wa ka gane a nan, kuma da wa ka taɓa magana? Kashi 89 cikin ɗari suka nuna aƙalla mutum ɗaya da suka sani a fuska. A matsakaici, kowa yana da irin waɗannan har huɗu, ya shaida su sarai amma bai taɓa ce musu uffan ba. Milgram ya ga cewa wannan ma dangantaka ce mai ƙa'idojinta. Sai an daɗe ana ganin juna, kuma sai ɓangarorin biyu sun amince, ba tare da an furta ba, cewa a bar abin a haka. Ya kuma lura da wani abin ban dariya: mutum biyun da suka shekara ba su gaisa a tasharsu ba, ranar da suka yi kiciɓis a wata ƙasa mai nisa sai su tsaya suna hira kamar tsofaffin abokai.

Hausa tana da suna ga abu mai kama da wannan, sanin shanu, kuma yawanci da raini ake faɗinsa: "Ai sanin shanu na yi masa." Sai dai babban birni a kan sanin shanu yake tsaye, kuma dalilin farko lissafi ne kawai. A garin mutum ɗari biyar za ka iya gaida kowa, ka tambaye shi gida da iyali, rana ba ta yi nisa ba. Tashar Shinjuku ta Tokyo kuwa, kafin annobar korona, fiye da mutum miliyan 3 ne ke bi ta cikinta a rana guda. Da za a ce kowa ya tsaya ya gaida na kusa da shi yadda ya kamata, da babu jirgin da zai tashi. Georg Simmel, masanin zamantakewa na Jamus da ya rayu a Berlin lokacin da take kumbura kamar an hura ta, ya yi bayani a 1903 cewa ƙwaƙwalwar ɗan birni tana gina wa kanta garkuwa ne saboda abubuwan da ke faɗo mata ta ido da kunne sun fi ƙarfinta. A wani wurin kuma ya nuna wani abu da ba kowa ke tunawa ba: kafin zuwan bas da jirgin ƙasa a ƙarni na 19, mutane ba su saba da a zaunar da su suna fuskantar juna na tsawon mintuna ko awoyi ba tare da magana ba. Wato wannan shirun da muke ganin kamar da shi aka haife mu, fasaha ce da aka koya, kuma ba ta fi shekara ɗari biyu da ɗoriya ba.

Kalli yadda ake yinta a cikin lif. Mutum takwas a ɗan akwatin da bai fi faɗin tabarma biyu ba, numfashin wani yana dukan ƙeyar wani, amma kowa ya ɗaga kai yana kallon lambobi kamar bai taɓa ganin 4 ta koma 5 ba. Ko a titi: ka hango mutum daga nesa, ku haɗa ido na ɗan lokaci don kowa ya san ta ina ɗaya zai bi, kuna matsowa kusa sai kowa ya sauke nasa idon. Erving Goffman, wanda ya yi nazarin wannan ɗabi'a a 1963, ya kwatanta ta da direban da ke rage hasken fitila idan wata mota ta taho. Kwatancen ya dace ƙwarai, domin direban da ya rage fitila ba raina ka ya yi ba. Ya gan ka ne, shi ya sa bai kashe maka ido ba.

Na taɓa ganin wata mata tana kuka a cikin jirgi, kuka na gaske, kafaɗunta suna rawa, wayarta a kife a kan cinya. Babu wanda ya ƙura mata ido. Wani saurayi da ke tsaye a gabanta ya ɗan juya bayansa ya kare ta daga sauran taron, yana ta latsa wayarsa kamar ba da gangan ba. Wata dattijuwa ta miƙa mata hankici ba tare da ta kalle ta ba, idonta yana kan taga. Tasha biyu bayan haka matar ta sauka. Babu wanda ya tambaye ta abin da ya faru, babu kuma wanda zai kai labarin gidan surukanta kafin magariba. Wannan kawaici ne, kara ce, ko da masu yinta ba za su kira ta da wannan sunan ba.

Daga nan ne 'yancin birni yake fitowa. A wasu yankunan Jamus na tsakiyar zamani akwai ƙa'idar cewa talakan da ke ɗaure da gonar ubangidansa, idan ya gudu birni ya yi shekara guda da kwana ɗaya ba a zo an kama shi ba, ya zama ɗa. Har suna da karin magana cewa iskar birni tana 'yanta mutum. Yau babu wannan doka, amma iskar tana nan. A inda kowa ya san kowa, kai "ɗan wane" ne har ka mutu. Sunan tsokanar da aka laƙaba maka kana yaro yana biye da kai, bashin da kakanka bai biya ba yana biye da kai, kuskuren da ka yi kana shekara goma sha bakwai yana zaune a bakin kowa. A birni, bazawara tana kama ɗaki ta fara sana'a ba tare da an ƙirga mata aurenta ba. Ɗan kasuwar da ya karye yana ɗaukar ƙaramin aiki a wata unguwa, ba wanda zai tsaya ya ce "ashe haka duniya ta yi da wane." Mutum yana iya gwada zama wani daban, in bai yi ba ya sake gwadawa.

Ƙofar da ta hana gulma shigowa kuwa ita ce ke hana mai duba ka shigowa. A Japan har suna da kalma ta musamman, kodokushi, ga mutumin da ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa ba a gano ba sai bayan kwanaki ko makonni. Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Kaɗaici ba a birni kaɗai yake ba, tsofaffin karkara da 'ya'yansu suka watse sun san shi. Amma na birni yana da ɗaci na daban, domin kana jin motsin cokalin maƙwabcinka ta bango.

Shi ya sa nake ganin abin da ya fi muhimmanci a birni shi ne matakin tsakiya, tsakanin amini da wanda ba ka taɓa gani ba. Jane Jacobs, marubuciyar da ta yi fito-na-fito da masu son tsaga babbar hanya ta tsakiyar unguwarta a New York, ta bayyana a 1961 cewa abin da ke tsare titi ba 'yan sanda ba ne da farko, idanun mutanen da ke kansa ne: mai kanti, mai jiran mota, tsohuwar da ke leƙe ta taga. Ta ba da misalin yadda mutanen unguwarta ke barin makullin gida a hannun mai kanti don wani baƙo ya zo ya karɓa. Sun yarda da shi har wannan matsayi, amma shi ba ya tambayar wane ne baƙon, su kuma ba sa gayyatarsa cikin sirrinsu. Amana ba tare da shisshigi ba. Ƙauye yana ba ka amana, amma da shisshigi a haɗe. Wasu sababbin unguwannin masu katanga da waya sun kawar da shisshigin, sun haɗa da amanar sun zubar. Tsohon titin birni mai shaguna a ƙasa da gidaje a sama ne ya iya raba su biyun.

Har a aljihu ana jin amfanin wannan sanin. A 1973 Mark Granovetter ya fitar da sakamakon tambayoyin da ya yi wa ma'aikata a kusa da Boston kan yadda suka sami aikinsu. Cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani, mafi yawa ba ta hannun aminai ba ne, ta hannun mutanen da suke gani jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake in ka yi tunani. Amininka inda kake zuwa yake zuwa, abin da ka ji shi ya ji. Wanda ka yi wa sanin shanu ne yake da ƙafa a wata duniyar.

Akwai kuma abin da yawa kaɗai ke haifarwa. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta nazarinsa kan tasowa da faɗuwar al'ummomi a 1377, ya lura cewa sana'o'i suna ƙaruwa ne gwargwadon cikar gari, har su wuce na larura su shiga na ƙawa. Misalin da ya bayar yana sa ni murmushi kullum: ya ce labari ya zo musu cewa a Masar akwai masu sana'ar koya wa tsuntsaye da jakuna wasa, da masu koyar da tafiya a kan igiya. Bayan 'yan shekaru shi da kansa ya koma Alkahira, kuma a can ya rasu a 1406, duk da cewa shi ne mai cewa zaman birni yana sanyaya jiki, yana sa mutane su miƙa tsaron kansu ga ganuwa da hukuma. Lissafin bai canza ba. A ce mutum ɗaya cikin dubu ɗari ne yake sha'awar wani abu, gyaran tsofaffin agogon bango, ko koyon wani harshe da ya kusa ɓacewa. A garin mutum dubu biyar shi kaɗai ne, kuma ana masa kallon mai taɓin hankali. A birnin mutum miliyan goma su ɗari ne, suna da ranar haɗuwa, har da mai sayar musu da kayan aiki.

A 2007 Luis Bettencourt da Geoffrey West da abokan aikinsu suka auna wannan da alƙaluman birane masu yawa. Suka gano cewa idan yawan mutanen birni ya ninka, albashi da ƙirƙire-ƙirƙire ba ninkawa kawai suke yi ba, rabon kowane mutum yana ƙaruwa da kimanin kashi 15 cikin ɗari, yayin da tsawon titi da wayoyin lantarki da gidajen mai da kowane mutum ke buƙata suke raguwa da kusan haka. Sai dai manyan laifuka da wasu cututtuka masu yaɗuwa su ma da wannan ma'aunin suke hawa. Injin ɗaya ne, ba ya tantance abin da aka zuba masa. Ko tafiyar ƙasa ba ta tsira ba: tun 1976 Marc da Helen Bornstein suka auna saurin masu tafiya a garuruwa daban-daban, suka ga gwargwadon girman gari, gwargwadon saurin ƙafa. Baƙo yakan tambaya, ina suke sauri haka? Bayan wata shida shi ne mai tsaki idan na gabansa yana jan ƙafa.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yawan amanar da muke bayarwa kafin ƙarfe tara na safe ba tare da mun sani ba. Ka buɗe famfo ka kurkure baki da ruwan da ba ka san wanda ya tace shi ba. New York kaɗai tana jawo kusan galan biliyan 1 a rana daga madatsun da wasunsu ke nesa da ita da fiye da mil 100. Ka shiga mota ka yi gyangyaɗi, ranka a hannun direban da ko fuskarsa ba ka kalla ba. Ka tsallaka titi a gaban motoci talatin don kawai danja ta nuna ja, kana da yaƙinin cewa mutum talatin da ba ka sani ba za su taka birki. Simmel ya ce da a ce agogunan Berlin duka za su saɓa wa juna, ko da da awa ɗaya, da harkokin birnin sun dagule na tsawon lokaci. Wanda ya taɓa fita da ƙarfe huɗu na asuba ya ga ɗaya birnin, wanda ke ɗauke da na rana a kansa: masu shara, masu sauke kaya daga manyan motoci, ma'aikatan jinya da ke dawowa daga aikin dare da takalma a hannu, masu gadi suna hamma, masu gyaran bututu a cikin rami da fitila a goshi. Ba a tuna su sai sun tsaya. A Fabrairun 1968 masu kwashe shara na New York suka yi yajin aiki na kwana tara, bola ta taru a tituna har aka fara fargabar ɓarkewar cuta.

To wannan yarjejeniyar da ba a rubuta ba, yaya ƙarfinta? Birnin New York ya ba da amsa har sau uku, kuma amsoshin ba iri ɗaya ba ne. A ranar 9 ga Nuwamba 1965 wuta ta ɗauke da yamma, kusan mutum dubu 800 suka maƙale a jiragen ƙarƙashin ƙasa. Mutane suka fito suna ba motoci hannu a mahaɗar tituna, waɗanda ba su taɓa gaisawa ba suka kwana suna hira a kan matakala, laifuka ba su taka kara sun karya ba. A Yulin 1977 wuta ta sake ɗaukewa, a wannan karon aka fasa shaguna fiye da 1,600, aka tayar da gobara fiye da 1,000, aka kama mutum fiye da 3,000. A Agustan 2003 aka sake, har ta shafi kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada, sai aka koma irin ta 1965: dubban mutane suna takawa gida a kan gadoji, wasu suna ɗaga kai suna ganin taurarin da hasken birni ya daɗe da ɓoye musu. Birni ɗaya, duhu ɗaya. Bambancin shi ne a 1977 birnin yana cikin matsin kuɗi, ya kusa tsiyacewa shekara biyu kafin nan, an sallami dubban ma'aikata, unguwannin talakawa sun ga an yi watsi da su, ga kuma tsananin zafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kawaicin da ke tsakanin baƙi yana tsayawa ne muddin yawancinsu suna ganin su ma suna da rabo a cikin abin.

A nan ne ya kamata mai yabon birni ya tambayi kansa ta wace taga yake leƙe. Wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna a 1994 cewa tun zamanin da, ɗan Adam yana ware kimanin awa ɗaya ne a rana don zuwa da dawowa. Tsofaffin birane masu ganuwa ba su cika wuce kilomita 5 a faɗi ba, daidai tafiyar awa guda a ƙasa. Da jirgi da mota suka zo sai birni ya miƙe, awar tana nan yadda take. Wanda tafiyarsa ke cikin wannan awar shi ne ke da sukunin lura da jakar wani da gwiwar wani. Wadda take tashi ƙarfe huɗu, ta canza mota uku, ta dawo bayan 'ya'yanta sun yi barci, birni bai bar mata idon kallo ba. Fiye da mutum biliyan 1 a duniya suna zaune a unguwannin da babu tsaftataccen ruwa ko ingantaccen muhalli ko tabbacin ba za a tashe su gobe ba, kuma daga cikinsu ne mafi yawan masu ɗauke da birnin asuba suke fitowa. Ba na cewa ba sa jin daɗin birni. Sau da yawa unguwanninsu sun fi na masu kuɗi rai da sanin juna nesa ba kusa ba. Ina cewa ne kuɗin da suke biya na wannan daɗin ya ninka na kowa, kuma su ne ba a tambaya idan za a tsaga sabuwar hanya.

Gaskiya ma babu wanda ke zaune a birnin mutum miliyan goma. Kowa yana zaune ne a ɗan ƙauyen da ya sassaƙa wa kansa a ciki: tituna shida ko bakwai, tasha biyu, wata kwana da yake yankewa idan an yi ruwa, fuskoki talatin ko arba'in. Direbobin tasi na Landan ne kaɗai aka tilasta wa haddace kusan tituna dubu 25 kafin a ba su lasisi, karatun da ke cin shekara uku zuwa huɗu, har binciken Eleanor Maguire na 2000 ya nuna ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswira ya fi na sauran mutane girma. Mu sauran kuwa 'yan ƙauye ne masu maƙwabtaka da abin da ba ya ƙarewa. Ka yi kuskuren sauka a tashar da ba taka ba, tafiyar minti goma daga hanyar da ka bi shekara biyar, sai ka tsinci kanka a titin da ake jin wani harshe, ana sayar da abin da ba ka san sunansa ba. Gobe ka koma hanyarka, amma ka san yana can. Ina zargin rabin daɗin birni na abubuwan da ba za mu taɓa zuwa gani ba ne, sanin suna nan kawai ya wadatar.

Shekarar 2020 ce ta gwada wannan duka. Da aka sa dokar kulle, masu na'urorin auna girgizar ƙasa suka ga jijjigar da zirga-zirgar mutane ke haddasawa ta ragu da kusan rabi a wurare da yawa na duniya. A San Francisco masu nazarin tsuntsaye suka tarar wasu ƙananan tsuntsaye sun sassauta murya, tunda babu ƙarar motocin da za su yi gasa da ita, kuma duk da haka ana jin su daga nesa fiye da da. Shirun da ɗan birni ya shekara yana roƙo ya samu har ya yi masa yawa. Iyali suna gida, aminai suna waya, ana ganin fuskarsu a allo kowane dare. Waɗanda suka ɓace ɗungurungum su ne waɗanda babu lambarsu a wayar kowa: mai gadin benen da ke ɗaga hannu, yarinyar da ke karatu a tsaye a cikin jirgi, masu kallon lambobin lif. Babu hanyar kiransu, babu ma dalilin da za ka bayar in ka kira.

Akwai wani gwaji da Nicholas Epley da Juliana Schroeder suka yi da fasinjojin jirgi da bas a Chicago, aka buga a 2014. Sun roƙi wasu su ja na kusa da su da hira, wasu kuma su zauna shiru. Mutane sun yi zaton shirun zai fi daɗi, amma waɗanda suka yi hirar ne suka fi jin daɗin tafiyar. Na karanta wannan tun mai jakar yana tsayawa a sandarsa, na kuma yi niyya fiye da sau ɗaya. Abin da ke tsayar da ni shi ne na san gaisuwa bashi ce: in na yi yau, gobe ma sai na yi, jibi sai an tambayi iyali, kuma wataƙila shi ma wannan minti goman ne kaɗai a yininsa da ba wanda yake bin sa komai.

Da aka buɗe gari, fuskokin tashar suka dawo ɗaya bayan ɗaya, wasu da takunkumi, wasu sun yi ƙiba, wata da jariri a goye. Shi bai dawo ba. Ko ritaya ya yi, ko gida ya canza, ko hanya. Na yi tunanin tambayar matar da ke tsayawa kusa da shi kullum, har na matsa kusa da ita wata safiya, sai na rasa yadda zan fara: mutumin nan dogo, mai jaka? Yanzu wani matashi ne mai abin jin sauti a kunne yake tsayawa a sandar fitila ta biyu. Ya riga ya gano inda ƙofar baya take faɗowa.